Shin da gaske mutanen yanzu sun fi na da ƙyamar azabtar da ɗan Adam?

Wa'alaikumus salam ƙanena. Tambayarka ita ce wai da gaske ne mutane sun canza ra'ayi kan azabtar da ɗan Adam daga zamanin da zuwa yau, ko ko dai baki ne kawai ya canza abin na nan ana yi a ɓoye, kuma ka ce an koya muku a aji cewa Turawa ne sunka kawo ma duniya ƙyamar abin. To ni lauya ne, kuma galibin shari'un da nike yi nan Sakkwato na manyan laifuka ne, fashi da makami da kisa da satar shanu, irin shari'un da takardar iƙirari, wato ta amsa laifi, ita ce uwa ita ce uba, don haka wagga magana kusan kullum ina cikinta. Zan ɗan tsawaita ka yi haƙuri da ni.

E, an samu canji, kuma ba ƙarami ba, duk wanda ya ce maka babu abin da ya canza bai karanta yadda kotunan da suke ba. Amma canjin ya fi yawa ga doka da kuma kunya. A da alƙali da kanshi ke ba da umarni a azabtar da mutum, magatakarda na zaune yana rubuta abin da ya faɗa, yau ko ƙasar da ta fi kowa yi ba za ta tashi gaban duniya ta ce e muna yi ba. Abin da bai motsa sosai ba shi ne zuciyar mutane game da wanda sunka riga sunka yanke ma hukuncin cewa shi ba irinmu ba ne, bawa a da, wanda anka yi ma mulkin mallaka daga baya, yau kuma ɓarawon waya ko wanda anka ce infoma ne na 'yan bindiga. Kuma inda duk azabar ta ragu da gaske in ka bi diddigi za ka tarar tsarin bincike da shari'a ne ya canza har ya zama ba a buƙatarta, tausayi shi kaɗai bai taɓa isa ba.

A Atina ta tsohuwar Girka, garin da ake ta yabo da dimokuraɗiyya, kotu ba ta karɓar shaidar bawa sai in an azabtar da shi, wai don bawa ba ya faɗin gaskiya sai da wuya. Ɗan gari mai 'yanci kuwa ba a taɓa shi. Rumawa ma haka sunka fara, bayi kawai, daga baya abin ya faɗaɗa ya haɗa da talakawa 'yantattu, masu daraja kuma sunka tsira sai in maganar cin amanar sarki ce. Abin da ya kamata ka lura da shi, tun wancan lokacin sun san ba abin dogaro ba ne, wani babban masanin shari'arsu Ulpian ya rubuta cewa hanya ce mai rauni mai haɗari, don wani na da juriya zai yi ta ƙarya har ƙarshe, wani kuma ba ya iya ɗaukar zafi zai faɗi duk abin da ake so ya faɗa. Shekara wajen 1800 ke nan da wagga magana. Wato matsalar ba rashin sani ba ce tun asali.

Turai ta tsakiyar zamani ita ce wurin da ya fi koya mana darasi. Da can suna da wata al'ada ta gwaji, a sa wanda ake zargi ya ɗauki ƙarfe mai zafi ko a jefa shi ruwa, wai Allah zai nuna mai gaskiya. A 1215 babban taron cocin Katolika ya hana limamansu shiga wanga gwaji, sai abin ya mutu, kotuna sunka koma neman hujja. Sai sunka ɗauki ƙa'ida mai tsauri ƙwarai, ba a yanke hukuncin kisa sai da shaidu biyu da sunka gani da ido ko kuma mutum ya amsa da bakinshi. To wa ke kisa ko sata gaban shaidu biyu? Sai ya zama hanya guda ta rage, a sa shi ya amsa. A 1252 Fafaroma Innocent na 4 ya halatta azabtarwa wajen binciken waɗanda ake zargi da fita daga aƙidar coci, alhali a shekara ta 866 wani Fafaroman, Nicholas na 1, ya rubuta ma mutanen Bulgeriya cewa dokar Allah da ta mutane duk ba su yarda a doki mutum don ya amsa laifi ba. Ka ga ashe ba tafiya ce miƙaƙƙiya daga duhu zuwa haske ba, ana gaba ana baya. Kuma sun yi ma abin ƙa'idoji kamar wani aikin ofis, sai an samu rabin hujja tukun, ba a yi ma mai ciki da ƙaramin yaro, manya da masu sarauta galibi an ɗauke musu, sannan bayan an sauko da mutum daga igiya sai a kai shi gaban alƙali ya maimaita iƙirarin wai da son ranshi, in ya janye a mayar da shi ɗakin. Wanga na ƙarshe ka riƙe shi, za ka gan shi a kotunanmu.

Daga ƙarni na 18 anka fara sokewa. Sarki Frederick na Furushiya, cikin Jamus ta yanzu, ya soke mafi yawanta a 1740 ya ƙarasa a 1754, Ostiriya 1776, Faransa 1780 da 1788, Rasha 1801. Littattafan makaranta na jingina wanga ga masana irin su Cesare Beccaria ɗan Milan wanda ya fitar da ɗan littafinshi kan laifi da horo a 1764, da Voltaire da ya yi ta faɗa kan shari'ar Jean Calas, wani ɗan kasuwa da anka kakkarya ma ƙasusuwa anka kashe a Tulus ta Faransa a 1762 kan zargin kashe ɗanshi, bayan shekara 3 anka wanke shi yana kabari. Sun yi ƙoƙari babu shakka. Amma wani masanin tarihin shari'a John Langbein ya nuna wani abu da ni na fi gamsuwa da shi saboda ya yi daidai da abin da nike gani wurin aiki, cewa tun kafin waɗanga masana su yi rubutu alƙalan Turai sun riga sun samu wata hanya, suna iya yanke ma mutum ɗauri ko aikin wahala bisa alamomi da hujjojin da ke kewaye ba sai ya amsa ba. Da iƙirari ya daina zama dole sai azabar ta zama kayan da za a iya yarwa, sannan wa'azin masana ya samu kunnen saurare.

Yanzu maganar cewa Turawa sunka kawo ƙyamar. Wanga kam ban yarda ba, kuma ba don kishi nike faɗa ba, littattafan na nan. Musulunci ya tashi ne da mutanen da anka azabtar, Bilal da dutse bisa ƙirji cikin rana, Yasir da Sumayya da anka kashe, Ammar da anka matsa har ya furta kalmar kafirci, aya ta 106 cikin Suratun Nahli ta sauka cewa wanda anka tilasta alhali zuciyarshi na natse da imani babu laifi gare shi. Wato tun daga tushe an aza ƙa'ida cewa maganar da anka fitar da ƙarfi ba maganar mutum ba ce. Cikin Sahihu Muslim akwai labarin yaron da Sahabbai sunka kama gab da yaƙin Badar, suna tambayarshi ina Abu Sufyan, in ya ce bai sani ba amma ga su Abu Jahil nan tafe sai su doke shi, in ya ce to zan faɗa muku sai su ƙyale shi, Manzon Allah (SAW) yana salla, da ya sallame ya ce musu kuna dukanshi in ya faɗa muku gaskiya kuna barinshi in ya yi muku ƙarya. Wallahi duk wani bincike da masana sunka yi kan wagga matsala bai wuce wanga jumla ba, mai duka yana da amsar da yake so a ranshi tun kafin ya ɗaga hannu, kuma dukan ba ya tsayawa sai an ba shi ita. Akwai kuma Hisham ɗan Hakim da ya wuce wasu mutane a Sham an tsayar da su cikin rana saboda haraji, ya ce ya ji Manzon Allah na cewa Allah zai azabtar da masu azabtar da mutane a duniya. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mutum ba abin amincewa ba ne a kan kanshi in ka sa shi yunwa ko ka ɗaure shi ko ka doke shi. Shi kanshi Imamu Malik da muke bin mazhabarshi an yi mashi bulala a Madina har kafaɗarshi ta goce, kuma sanadin shi ne fatawarshi cewa sakin wanda anka tilasta bai aukuwa, masu mulki sunka ga ai wanga fatawa ta shafi mubaya'ar da ake karɓa da takobi.

Sai dai ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba, don in ka je gaban wanda ya yi karatu zai kawo maka shi. Malaman baya sun buɗe wata ƙofa ta siyasar shari'a. Mawardi ya ba amir damar da bai ba alƙali ba wajen tsare wanda ake tuhuma da matsa mashi, Ibnul Ƙayyim ya kasa waɗanda ake tuhuma gida uku, mutumin kirki da ba a taɓawa, wanda ba a san halinshi ba da za a tsare a bincika, da wanda ya shahara da ɓarna wanda shi anka yi sassauci a kanshi, har cikin Tuhufa ta Ibn Asim da alƙalanmu ke karantawa akwai baitocin da ke maganar duka da ɗauri ga wanda anka sani da tuhuma. Gazali kuma ya ƙi, hujjarshi ita ce barin ɓarawo ya kuɓuta ya fi sauƙi bisa dukan wanda bai ji ba bai gani ba. To ka gani, saɓanin da ke tsakanin malamanmu shekaru ɗaruruwa da sunka wuce shi ne dai wanda ake yi yau a majalisar bakin titi, wani ya ce ai wanga sananne ne a matsa shi, wani ya ce in kuma ba shi ba ne fa. Ni ina tare da Gazali, saboda na ga yadda ake zama "sananne" a garin nan, wani lokaci gaba ce ta gona ko ta neman aure, wani lokaci kawai don mutum Bafulatani ne ya shigo kasuwa ranar da anka yi sata.

Ƙasarmu ma ba a bar ta baya ba ta kowane ɓangare. Shehu Usmanu cikin Kitabul Farƙ ya lissafa zaluncin sarakunan Haɓe, ƙwace dukiya da kashe mutum ko korarshi don son rai ba tare da shari'a ba, da jangali da kuɗin gari da gaisuwa, wato ƙyamar zalunci na cikin tushen jihadin. Amma bayan shekara ɗari da Turawa sunka ci Kano a 1903, Lugga ya rubuta yadda ya tarar da kurkukun garin, ɗaki matsattse babu iska, bango da ramuka da ake zura ƙafafun fursuna. Shi yana da manufarshi ta halatta mamaya, na sani, amma turu da mari ba shi ya ƙirƙiro su ba, kakanninmu sun san su. Kuma su da sunka zo da sunan gyara, bulala ba ta tafi ko'ina ba a zamaninsu. Tambayi duk wani tsoho ya ba ka labarin karɓar haraji zamanin En'e, yadda ake shanya magidanci cikin rana gaban iyalinshi, abin da hadisin Hisham ya hana ƙiri-ƙiri, ko abin da 'yan doka da dogarai sunka yi ma 'yan NEPU a shekarun 1950, Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an doke ta an aske mata kai.

A 1874 marubucin Faransa Victor Hugo ya ce azabtarwa ta ƙare a duniya. Bayan shekara 11 Sarki Leopold na Beljiyam ya mallaki Kwango inda anka riƙa yanke hannuwan mutane saboda roba. Faransar da ta soke azaba tun 1788 ita ce ta riƙa jona ma mutane lantarki a Aljeriya lokacin yaƙin 1954 zuwa 1962, wani matashin malamin lissafi Maurice Audin sojoji sunka kama shi a 1957 sunka ce wai ya tsere, sai 2018 Shugaba Macron ya amsa cewa azabtar da shi anka yi ya mutu a hannunsu. Ingila a Kenya zamanin tawayen Mau Mau, a sansanin Hola a 1959 anka kashe fursuna 11 da duka, hukuma ta fara cewa wai gurɓataccen ruwa sunka sha, sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta biya diyyar fam miliyan 19.9 ga tsofaffi 5,228. Ka lura da abu biyu nan. Na farko wanda ake yi ma dai shi ne wanda ba a ɗauka cikakken mutum ba, kamar bawan Atina. Na biyu kuma yanzu sai an yi ƙarya, ya tsere, ya sha ruwa. Alƙalin Tulus bai buƙaci ya yi ƙarya ba, a fili ya yi abinshi jama'a na kallo. Wagga ƙarya da ake yi ita ce shaidar cewa wani abu ya canza, kuma ni ban raina ta ba, don abin da mutum ke ɓoyewa ana iya kama shi da shi.

Bayan yaƙin duniya na biyu doka ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Sashe na 5 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, yarjejeniyoyin Janiba na 1949, sashe na 5 na yarjejeniyar Afirka ta 1981, sai babbar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ta 1984 wadda ta fara aiki 26 ga Yuni 1987, kuma ta ce babu uzuri ko na yaƙi ko na dokar ta-ɓaci ko na umarnin oga. Ta yi amfani, Hissène Habré na Cadi maƙwabciyarmu an yanke mashi ɗaurin rai da rai a Dakar a 2016, wani tsohon kanar na leƙen asirin Siriya ma kotun Jamus ta ɗaure shi rai da rai a 2022. Amma da anka kai ma Amurka hari 11 ga Satumba 2001 ba a ɗauki shekara ba lauyoyin gwamnati sunka rubuta takardun da ke halatta abin da sunan bincike mai tsanani, hotunan kurkukun Abu Guraib na Iraƙi sunka fito a 2004, rahoton majalisar dattawansu na Disamba 2014 ya ce cikin mutum 119 da hukumar leƙen asirinsu ta CIA ta tsare aƙalla 39 an yi musu, kuma bai samar da bayanan da anka yi ta iƙirarin ya samar ba. Har ma akwai wani ɗan Libiya, Ibn al-Shaikh al-Libi, da anka miƙa ma Masar, ya faɗi cewa Iraƙi na horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba, maganar ta shiga jawabin sakataren harkokin wajen Amurka Colin Powell gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairu 2003, daga baya ya janye ya ce ya ƙirƙira ne don a ƙyale shi. Yaron Badar ke nan sak, sai dai wanga karon an shiga yaƙi da ƙaryar.

Dawo gida. Bisa takarda Najeriya ba ta da matsala ko kaɗan. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana, mun amince da yarjejeniyar duniya a 2001, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ce iƙirarin da anka samu da matsi kotu ba ta karɓa kuma mai gabatar da ƙara ne zai tabbatar ba a matsa ba, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a ɗauki bayani gaban lauya, a iya ɗaukar bidiyo, majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata, kuma ta hana kama wani a madadin wani, sannan a Disamba 2017 Shugaba Buhari ya sa hannu ga dokar hana azabtarwa mai hukuncin ɗauri har shekara 25. Amma wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya Manfred Nowak da ya zo a 2007 ya ce abin ya zama ruwan dare wurin tsare mutane, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty a rahotonta na 2014 ta ce akwai wuraren da har suna da jami'in da ake ma laƙabi da mai kula da azaba, a 2020 kuma ta lissafa mutum 82 da rundunar 'yan sanda ta SARS ta gallaza ma tsakanin Janairu 2017 da Mayu 2020 ta ce ba a gurfanar da ko jami'i ɗaya ba, watanni kaɗan bayan nan zanga-zanga ta ɓarke anka rusa rundunar 11 ga Oktoba.

Bari in gaya maka yadda abin yake a ɗakin kotu. Mai gabatar da ƙara ya miƙo takarda, sitatimen ne da Turanci, an rubuta da hannun ɗan sanda mai bincike, ƙasa ga dangwalen babban yatsa. Wanda ake tuhuma makiyayi ne ko ɗan kabu-kabu da ko Hausar boko ba ya karantawa. Sai in tashi in ce ba da son ranshi ya yi ba, alƙali ya tsayar da babbar shari'a a buɗe ƙaramar shari'a cikin shari'a. Mutumin ya shiga akwati ya ce an haɗa hannuwana da ƙafafuna ta baya da ankwa, an zura ƙarfe an rataye ni tsakanin tebur biyu, ana dukan tafin ƙafata da kulki har na daina jin hannuwana. Ya naɗe hannun riga ya nuna wani zobe baƙi da ya zagaye wuyan hannunshi, wani ma yatsunshi biyu ba su lanƙwasuwa har yau. Amma shekara biyu ko uku sun wuce yana jiran shari'a gidan yari, babu takardar likita don ba wanda ya kai shi asibiti, jami'in ya rantse ya ce shi ko tsawa bai yi mashi ba, ga kuma takardar da ke nuna an kai shi gaban babban jami'i ya tabbatar da cewa da son ranshi ya yi. Ka tuna abin da na ce ka riƙe na Turai? Shi ne wanga, an kai shi ya maimaita alhali ya san inda zai kwana daren nan. Kuma dokarmu ta yarda a ɗaure mutum bisa iƙirarinshi kaɗai in kotu ta gamsu da shi. Akwai alƙalai masu tsoron Allah da ke watsar da irin wagga takarda, na gani kuma ina yi musu addu'a, amma sau da yawa in an watsar da ita sai ka tarar fayil ɗin babu komai ciki, babu hoton yatsa babu shaidar waya babu kayan da anka kama.

Nan ne nike tausaya ma ɗan sandan ma, ban wanke shi ba amma na fahimci ramin da yake ciki. An ba shi fayil babu mota babu mai babu ɗakin gwaji, mai ƙara na tsaye kanshi yana cewa ranka ya daɗe ka matsa shi mana ai jiki magayi, in bai matsa ba a ce ya ci kuɗi. Mu ne masu ƙarar nan fa ƙanena. Mutumin da zai yi Allah wadai da Abu Guraib a Facebook shi ne in an sace mashi babur zai sayi lemu ya kai ma masu bincike don a ba yaron wuya.

Kuma kar mu tsaya ga hukuma. A Satumba 2019 an fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, iyayensu ne sunka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi. A Maris 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, duk munka yi kuka, kuma ya kamata mu yi, amma a kasuwanninmu in anka yi ihun ɓarawo mi ke faruwa kafin 'yan sanda su iso? Amnesty ta yi wata ƙuri'ar jin ra'ayi a ƙasashe 21 a 2014, kashi 36 cikin ɗari sunka ce wani lokaci azabtarwa na halatta don kare jama'a, kashi 44 kuma sunka ce suna tsoron a azabtar da su in an kama su, kuma ba na shakkar akwai mutane da yawa da sunka ba da amsoshin biyu tare.

Na san abin da wani zai ce, kai lauya kana cikin gari kana Turanci, zo Sabon Birni ko Isa ka gani. Ban raina wanga ciwo ba wallahi. Duk mun ga bidiyon Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun 'yan bindiga a Agusta 2024 kafin su kashe shi, Allah ya jiƙanshi, kuma abin da waɗanga mutane ke ma waɗanda sunka sace don a gaggauta kawo kuɗin fansa azaba ce tsantsa. Wanda anka yi ma haka in ya ce a yanka duk wanda anka kama ba zan yi mashi gardama ranar ba. Amma hukuma ba ta da izinin yin hukunci da zafin zuciyar wanda anka zalunta. Wanda anka rataye zai ba da sunaye, dole ya ba da, kuma sunayen da ke zuwa bakinshi su ne na maƙwabci da abokin gaba da wanda ya taɓa sayar ma goro, a je a kamo su su ma su ba da nasu, ainihin ɓarayin na daji suna shan shayi, ƙanen wanda anka kashe a banza kuma ya samu dalilin shiga dajin.

Abin da ke rage ta an san shi. Wasu masana biyu Richard Carver da Lisa Handley sun bi ƙasashe 16 na tsawon shekara 30, sakamakon ya fito a 2016, sunka tarar abin da ya fi tasiri shi ne abin da ke faruwa a awannin farko bayan kamu, a sanar da dangi, lauya ya shigo, likita ya duba, a kai mutum kotu da wuri, wanga ya fi sa hannu ga yarjejeniya tasiri nesa ba kusa ba. Ingila ma sai da ta sha kunyar mutanen da anka ɗaure kan iƙirarin dole sannan ɗaukar muryar tambayoyi a kaset ya zama dole bayan dokar 1984. Mu nan kowane ɗan sanda na da waya mai kyamara a aljihu, ɗaukar bidiyon sitatimen daga farko har ƙarshe ba ya cin ko sisi.

Kai kuma da kake karatun lauya, in an kama wani naka ko maƙwabcinka kar ku bari ya kwana ba wanda ya je ya gan shi, ku rubuta ranar da lokacin da sunan wurin, tsarin mulki sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa ko kwana biyu in babu, kuma yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya. In ya fito da rauni ku wuce asibiti ranar ku karɓi takarda ku ɗauki hoto, ku kai koke ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko na Hukumar Ba da Agajin Lauya kyauta, duka suna da ofis nan cikin gari. Kuma ran da anka fara kai shi gaban majistare ya buɗe baki ya faɗi abin da anka yi mashi a rubuta cikin rikodin kotu, don bayan shekara biyu wanga layi guda shi ne abin da lauyanshi zai riƙe.